Bakwai Sau Takwas, In Ji Mu'allim Bayyumi

"Bakwai sau takwas, hamsin da shida," in ji Mu'allim Bayyumi. "Wanda yake da lissafin da ya fi wannan, ya fito da shi."

Ba wanda ya fito da komai. A gidan shayin bakin kasuwar auduga ne, nan Mahalla, bayan la'asar. Yana zaune kan kujeru biyu yadda ya saba, ɗaya ta ɗauki rabinsa, ɗayar ta ɗauki sauran. Gabansa ɗan kofin romon kaza ne wanda ko mage za ta raina. Kwana bakwai ke nan da aka kwantar da shi a wani asibiti a Mansura, aka ɓula masa ciki wuri biyar, aka yanke yawancin tumbinsa aka jefar don ya rage ƙiba. Ya shiga yana kilo ɗari da hamsin da shida. Yau da safe ya hau sikeli, allura ta tsaya a ɗari da arba'in da tara.

"Bakwai a mako guda," ya ce, yana nuna musu yatsu kamar ba su taɓa ganin bakwai ba. "Daga ranar tiyata zuwa ɗaurin auren 'yata Rihab mako takwas ne. Ranar nan zan hau sikelina gaban kowa, in sauko ina kilo ɗari cif. Ko giram ba zai ɗoru ba."

Bari ka san mutumin tukuna. Mu'allim a wurinmu laƙabin babban mai sana'a ne, ba malamin makaranta ba. Mai awon auduga ne, shekara talatin da ɗaya, sikelin ma gadon ubansa ne. Duk buhun da ya fito daga ƙauyukan nan sai ya kwanta a kansa, abin da Bayyumi ya faɗa kuwa shi ne nauyinsa, ko mai buhun yana da ja. Ya yi imani kilo ɗan gidansu ne, tare suka tashi. Sannan yana da gashin baki. Ba irin wanda kake gani ko'ina ba: baƙi wuluk, mai kauri kamar tsintsiya, bakinsa biyu a murɗe suna kallon sama, irin wanda mutanenmu ke cewa shaho zai sauka a kai ya huta. Shi yake gyara abinsa, da ɗan almakashi da wani mai da yake ɓoyewa a aljihu. Tun yana saurayi aska ba ta san wurin ba.

Wannan kuwa ya daɗe yana cin ran Usta Zaglul, wanzamin da shagonsa ke kallon siton Bayyumi. Siriri ne kamar raken da aka gama tsotsewa. Shekara talatin gashin bakin nan yana wucewa ta ƙofarsa safe da yamma, bai taɓa ratsowa ya gaishe shi ba.

"In allura ta ƙi fa, Mu'allim?" in ji Zaglul, yana juya shayinsa.

Nan ne ya kamata Bayyumi ya ce in Allah ya yarda, ya sha romonsa ya tafi gida. Amma mutum goma sha suna kallo. Ya ɗaga hannu ya kama bakin gashin na dama.

"In ta ƙi, wannan naka ne. Aske shi a tsakiyar kasuwa."

A wurinmu namiji ba ya kama gashin bakinsa ya yi magana, sannan ya dawo ya ce wasa yake. Zaglul ya ajiye cokali, ya roƙi jama'a su zama shaida, ya tafi bai ƙarasa shayin ba. Tun daga ranar, kullum da safe sai ya fito da kujera ƙofar shago, ya zauna yana wasa aska a jikin fata, yana fuskantar sito. Ba ya tada maganar. Gaisuwa ma yana yi.

Labari ya riga Bayyumi isa gida. Ya tarar da matarsa Ihsan tana tsinke lalo, ba ta ko ɗaga kai ba. Ita ce ta saurari likitar ranar sallama, domin shi a lokacin yana can yana leƙa ƙarƙashin sikelin asibitin ya ga ko yana da hatimi. Ta maimaita masa abin da Dakta Mirfat ta faɗa, tiryan-tiryan. Makon farko da na biyu jiki yana zubewa da sauri, amma yawancinsa ruwa ne. Wajen mako na uku sikeli zai tsaya cak, wani har mako biyu, kada a tada hankali. Bayan nan sai a dinga sauka kaɗan-kaɗan, kilo ɗaya wannan makon, ɗaya da rabi wani makon, gaba ma ya ragu. Abin na shekara ne zuwa shekara da rabi. A dinga kurɓar ruwa wuni guda, a ci ƙwai da kifi, a yi tafiya. Sikeli kuma sau ɗaya a mako.

"Yarinyar nan ta iya wuƙa, ban hana ta ba," in ji Bayyumi. "Amma kilo? Ni za ta koya wa kilo? Tana goye nake awo."

"Dangin angon daga Suhaj za su zo, Abu Rihab," in ji ta. "Ka san mutanen kudu. Namiji ba gashin baki, kujera ma ba sa ba shi."

"Za su zo su tarar da shi, yana zaune kan kilo ɗari."

Ta ce to, ta ci gaba da lalonta.

Washegari ya kafa allo a ƙofar sito, ya rubuta makonni takwas da alli, kowanne da nauyin da za a gani a ciki, bakwai-bakwai har zuwa ɗari. Ya ja layi biyu ƙarƙashin ɗarin.

Mako na biyu ya hau, huɗu suka sauka. Ya yi wa jama'a bayani cewa ba ɓata ukun suka yi ba, makara suka yi, za su biyo na mako mai zuwa su zama goma. Mako na uku ya hau, ɗaya ya sauka. Ɗari da arba'in da huɗu. Washegari ɗari da arba'in da huɗu. Jibi haka. Allurar nan ta samu wuri ta zauna kamar surukar da ta zo kwana biyu ta kwance akwati. Ya hau da safe kafin ya wanke fuska. Ya hau bayan ya fito daga bayi. Ya hau da ƙafa ɗaya. Ya hau ya fitar da numfashi duka har idonsa ya yi ja. Sau biyar a rana, kamar salla, sai dai wannan ba ya makara. Daga can tsallaken titi kuwa aska tana tafiya tana dawowa a jikin fata.

Ranar da tsayuwar ta cika kwana tara, ya sauko ya ɗirka wa sikelin ƙafa, ya ce da ƙarfi, "Sikelin nan ƙarya yake yi."

Ya manta ba shi kaɗai ba ne. Baffa Mitwalli, wani tsohon manomi da ya kawo audugar farkon kaka, yana tsugune gefen buhunansa yana jiran layi. Ya miƙe a hankali, ya karkaɗe riga.

"Tun yaushe, Mu'allim?"

Bayyumi ya ce ba haka yake nufi ba, ga mutane kawai yake ƙarya, ga auduga gaskiya yake faɗa. Mitwalli ya ce ikon Allah, ƙarfe ma ya san bambanci. Kafin azahar manoma talatin sun cika ƙofar sito, kowa yana tuna wata shekara da ya ga kamar buhunsa ya fi haka. Ba yadda ya iya, da bakinsa ya aika aka kira ma'aikacin duba ma'auni. Mutumin ya zo da duwatsun ƙarfensa, ya ɗora, ya sauke, ya ɗora, ya ce bai ga sikeli mai gaskiyar wannan ba a duk lardin. Sannan ya ɗaure ƙusar saiti, wadda ake murɗawa a matsar da allura, da waya, ya danna mata sabon hatimin dalma.

Ƙusar nan kuwa, tsakanina da kai, ita Bayyumi yake ta satar kallo kwana biyu, yana ajiye ta don ranar ƙarshe. Zaglul ne ya kawo wa ma'aikacin shayi, da hannunsa.

Mutum mai hankali da nan ya tsaya. Bayyumi kuwa tunani ya shiga. A cikin mako na biyar yana zaune yana kallon wani buhu da ya ƙi karɓa, domin mai shi ya yayyafa masa ruwa ya ƙara nauyi, an baza audugar a rana ta bushe, sai abin ya faɗo masa. Me ake yi wa jiƙaƙƙiyar auduga? Shanya. Me likitar ta ce da bakinta? Wanda ya sauka a makon farko ruwa ne. To ashe ruwa ne ke sauka bakwai-bakwai, su kuma suna ta ɗura masa wani da cokali. Ya yi mamakin yadda aka ba yarinyar nan takardar likita.

Ranar bai sha ko ɗigo ba. Kofin da Ihsan ta ba shi ya juye wa tukunyar na'ana'a. Washegari ya ce ya tafi sito, ya zaga ta baya ya hau saman gida, ya naɗe jikinsa da baƙar ledar da ake rufe buhuna lokacin ruwa, ya kwanta tsakiyar rana tsakanin kejin tattabaru da igiyar shanya. Ya ƙudura duk rabin awa zai juya, don kowane ɓari ya samu, yadda ake yi wa auduga. Sau biyu ya juya.

Allah ya sa Ihsan ta hau ba wa tattabaru hatsi. Ta ga baƙin ƙunshi, ta ga ƙafafu, ta ga gashin baki yana kallon sama shi kaɗai. Ba ta yi kururuwa ba. Ta kwara masa ruwan tattabarun a ka, ta leƙa titi ta kira maza.

Matattakalar gidan ba ta ɗaukar Bayyumi da masu ɗaukarsa a lokaci guda. Masu dakon sito ne suka kawo shawara, su kuwa hanya ɗaya suka sani. Aka sa shi cikin babban buhun auduga, aka ɗaure baki huɗu, aka maƙala ƙugiya, aka zuro shi da igiya ta bangon waje, hawa uku, a hankali, unguwa duka tana tsaye. Wani daga ƙasa yana cewa a saki dama, a ja hagu. Zaglul ya cire hula ya tsaya har buhun ya taɓa ƙasa, ya leƙa ciki, ya ga abin da ya zo gani yana nan lafiya, ya ce alhamdu lillahi.

A Mansura leda uku ta ƙarin ruwa aka sa masa. Dakta Mirfat ba ta ɗaga murya ba. Ta ce kilo goma sha biyu zuwa sha uku a mako biyar daidai ne, haka ake so, da ya bar jikin ya yi aikinsa da tuni allura ta tashi. Ta ce in ya sake shanya kansa, ba ita za a kawo wa shi ba, likitan ƙoda za a kai wa. Ta tambaya ko yana da tambaya.

"Kowace leda nawa take a sikeli?" in ji shi.

Ta dubi Ihsan. Ihsan ta dubi silin.

Da ya dawo gida ya hau. Ruwan da ya fitar an mayar masa, har da gyara. Ɗari da arba'in da huɗu.

Daga nan mulki ya koma hannun Ihsan, Ummu Rihab. Ta kwashe allon ta kai kicin tana yanka albasa a kai. Ta rataya masa gorar ruwa a wuya da zare. Ƙwai da safe, kifi da rana, kindirmo da yamma, cokali-cokali, tana tsaye a kansa. Bayan la'asar ta kora shi tafiya bakin magudanar ruwa, tana biye da shi taku uku a baya kamar mai kiwo. Sikeli ranar Asabar kawai. Sai ga allura ta tashi da kanta, biyu wannan makon, biyu wancan. Gwiwarsa ta daina kuka. Ya fara ɗaure takalminsa ba tare da ya kira kowa ba. A gidan shayi kujera ɗaya da rabi yake ci. Duk bai ga wannan ba, domin shi ɗari yake nema.

Ana saura kwana uku ya same ta tana rage masa faɗin jallabiyar biki, yatsa huɗu kowane gefe. Ya zauna, ya yi gyaran murya, ya ce ai ita da matar Zaglul tare suke zuwa gidan biki, mata kuwa in suka so abu ana yi.

"Ni na kama gashin bakin?" in ji ta, zare a bakinta.

"Ummu Rihab, mutuncin gidan nan ne."

"Shekara ashirin da takwas ina tsince shi a miya. Miƙo min almakashi."

Safiyar ɗaurin aure kasuwa ta cika kamar ranar da aka buɗe farashi. Zaglul ya riga ya kafa kujerarsa a tsakiya, da tawul fari sabo, da ruwan ɗumi a kwano. Bayyumi ya iso da fara'ar mutumin da ya ɓoye wani abu a aljihu. Ya hau. Ɗari da talatin da tara. Ya cire rawani, ya cire jallabiya, ya cire takalmi da agogo da zobe da tarin makullai, ya tsaya daga shi sai singileti da wando. Ɗari da talatin da takwas.

Kilo goma sha takwas a mako takwas. Da shiru ya yi tun farko, da yau ana shafa masa kafaɗa ana tambayarsa sunan likita. Amma shi ya rubuta hamsin da shida da alli.

Ya ɗaga hannu, ya ce a dakata. Ya tambayi jama'a, tun kakanninsu, an taɓa auna auduga da buhunta? Aka ce a'a, ana cire nauyin buhu. Ya ce madalla. To fata ita ce buhun ɗan Adam. Ƙashi kuwa kara ne, ba wanda ke sayen auduga da kara. In aka cire fata, aka cire ƙashi, aka cire haƙora da farce, shi a ƙiyasinsa na mai sana'a kilo talatin da takwas ne daidai. Abin da ya rage, ɗari cif.

Maganar kuwa ta yi kama da magana. Zaglul ma askarsa ta tsaya. Sai Baffa Mitwalli ya matso, yana dogara sanda.

"Gaskiyarka, Mu'allim, ana cire buhu. Shekara talatin da ɗaya kilo biyu kake cire mana a kowane buhu, ƙarami da babba, alhali buhun ko kilo ɗaya bai cika ba. Mun yi magana ka ce ka'ida ce, ba ta canzawa don mutum." Ya juya ga jama'a. "A cire masa biyunsa."

Aka cire. Ɗari da talatin da shida.

Zaglul bai yi gaggawa ba. Ya ɗaura tawul, ya shafa kumfa, ya yi bisimilla, ya fara da na dama, wanda aka kama aka yi rantsuwa. Ya ce shekara talatin yana tunanin ta inda zai fara. Da ya gama sai ga wani leɓe fari fat, ɗan ƙarami, wanda rabonsa da rana tun kafin a haifi amarya, da wata tawadar Allah a gefe da ko Ihsan ba ta san da ita ba. Wani ya ce ya sake hawa ko an samu ragi. Ya hau kuwa. Allura ba ta motsa ba.

Bayan la'asar aka zauna ɗaurin aure. Baffannin ango shida sun zo daga Suhaj, sun jeru a kujerar gaba, kowanne da gashin baki kamar an ba shi aron wutsiyar doki. Mai ɗaura aure ya karɓi katin shaidar uban amarya, ya dubi hoto, ya dubi Bayyumi, ya sake duban hoto, ya tambaya ko akwai wanda zai tsaya masa. Zaglul ya tsaya masa. Aka haɗa hannunsa da na ango, aka rufe da farin hankici, ya maimaita kalmomin da hannun hagu a kan bakinsa, har aka ce ya sauke, mai ɗaukar hoto ba ya ji. Mata suka yi guɗa. Jallabiyar da aka rage yatsa huɗu kowane gefe ba wanda ya lura da ita.

Ana raba jan lemon biki aka kawo masa kakar ango, Hajiya Nabawiya, tsohuwa mai shekara casa'in da 'yan kai, jikoki biyu suna riƙe da ita. Tun a mota aka gaya mata uban amarya bai daɗe da tashi daga tiyata ba, an cire masa abin da ya yi masa nauyi. Ta tsaya gabansa, ta dube shi daga rawani zuwa takalmi, ta dawo sama. Ta miƙa yatsa ta shafa leɓen.

"Sannu, ɗana. Nan aka yi aikin?"

Bayyumi ya kai hannun hagu bakinsa.

"Likitar nan hannunta da kyau, ko tabo babu," in ji tsohuwar. Sannan ta ɗan bubbuga masa ciki da bayan hannu. "Amma tunda ka je har Mansura, ai da ka ce ta duba maka wannan ma."